Yaron da Ya Kasa Zama Wuri Ɗaya: Watanni Tara na Gwajin Gem ɗin Motsa Jiki a Gusau

Yaron ɗan ƙanwata ne. Ba zan ambaci sunansa ba, ko uwarsa ma ba ta faɗa, ɗan fari ne, "wanga yaro" take ce masa. Ni malamin kimiyya ne a wata ƙaramar sakandare a Gusau, kuma duk alƙaluman da ke nan daga wani littafin rubutu mai falle sittin na kwafo su, wanda na riƙa cikewa daga Janairu zuwa Satumbar 2024.

Asali: 2011 zuwa 2021

An haife shi a 2011 a wani ƙauye da ke yankin Maradun. Har ya kai shekara goma bai san zaman ɗaki da rana ba. Da safe makarantar allo, da hantsi firamare, da yamma ya kora awaki bakin fadama, ya ɗebo ruwa sahu biyu ko uku. In akwai farin wata kuwa dandali, langa har sai an aiko a kira shi. Ba ya cikin na gaba-gaba a aji, amma ba wanda ya taɓa kawo ƙararsa.

Ranar 1 ga Satumbar 2021 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai a sakandaren Kaya da ke yankin Maradun. Gwamnati ta rufe makarantun jihar, kwana biyu bayan nan aka katse layukan waya, kasuwannin mako kuwa an riga an dakatar da su. Cikin wannan watan suka baro ƙauye. Suka kama hayar ɗaki biyu a wata unguwa da ke gefen Gusau, tsakar gidan taku shida ne a tsawo, biyar a faɗi. Na auna, saboda daga baya girman wurin ya zama abin lissafi.

Yadda abin ya soma: 2021 zuwa 2023

Ƙanwata ta zo birni da tsoron da bai sake ta ba har yau. Ta kafa doka: daga makaranta sai gida, daga gida sai masallacin lungu. Ba ƙwallo, ba aike mai nisa. Duk wanda ya san abin da ta gani ba zai ga laifinta ba.

A makonnin da ba sabis, tsohuwar wayar ubansa ta zama abin banza a hannun babba, sai aka miƙa wa yaro ya riƙa buga gem ɗin da ba ya buƙatar data. Sabis ya dawo Gusau a farkon Oktoba, waya ba ta koma hannun mai ita ba. Shekara biyu ke nan yaron da ya saba yini a ƙafa ya koma yini kwance a tabarma.

Sai da ya shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare a Satumbar 2023 abin ya fito fili. Ƙorafin malamai iri ɗaya ne. Yana amsa tambaya kafin a gama yin ta. In an ba da lissafi goma na tarawa aka sa na debewa a na shida, shi tarawa zai ci gaba da yi har ƙasa. Yana tashi daga benci ba dalili. A Islamiyya ana biya masa aya uku, kafin a kai ta uku ta farko ta zube. A gida kuma saurin hannu ga ƙanwarsa, da kuka in an karɓe waya. Barci sai sha biyu da rabi na dare, a tashe shi Asuba biyar da rabi, alhali masana barci awa tara zuwa sha biyu suka ƙayyade wa ɗan shekara 6 zuwa 12.

Jarrabawar zangon farko ya zo na 41 cikin 58. Lissafi maki 34.

"Yaya, wanga yaro ya ishe ni," in ji uwarsa. "Ba haka yake ƙauye ba."

Abin da aka fara gwadawa: Oktoba zuwa Disambar 2023

Ubansa ya soma da dorina, yana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. An doke shi sau huɗu cikin Oktoba. Abin da ya canza kawai shi ne ya koyi ɓoye waya a cikin buhun dawa.

Sai aka ɗauki mai lesin, awa ɗaya bayan Isha'i, kwana biyar a mako. Mako shida aka yi. Malamin da kansa ya ce a daina ɓata kuɗi, yaro ko dai yana gyangyaɗi ko yana leƙen ƙofa.

An kai shi asibiti a Nuwamba. Hankalin uban ya tafi ga gubar dalma, kuma a Zamfara wannan ba tsoron banza ba ne: a 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, kuma tana daƙushe ƙwaƙwalwar waɗanda suka rayu. Amma daga niƙa dutsen zinariya gubar ta fito, yaron kuwa bai taɓa zama inda ake niƙa shi ba. An duba idonsa da kunnensa, lafiya lau. Jininsa ya ɗan yi ƙasa, aka ba shi maganin ƙarin jini da na tsutsar ciki. Likitar ta yi tambaya a kan barci da waya, ta ce a gyara waɗannan tukuna kafin a yi maganar wata lalura. Kakarsa ta karɓo rubutu, ya sha, muka haɗa da addu'a.

Na ƙarshe shawarata ce. Na goge gem ɗin tsere da harbi, na sa masa waɗanda ake tallatawa wai suna wasa ƙwaƙwalwa, na haɗa siffofi da tuna hotuna. Cikin mako uku ya ƙware a kansu har ya wuce ni. A aji ba abin da ya motsa. Masu bincike sun daɗe da lura da haka: irin waɗannan wasannin suna sa mutum ya gwanance a wasan kansa, gwanintar kuwa da wuya ta tsallaka zuwa wani aiki.

Awon farko: Janairun 2024

Na ga muna ta harbi cikin duhu, kowa da abin da yake kira "ya ɗan yi sauƙi". Sai na yanke shawarar a auna.

Masana halayyar ɗan Adam suna da suna ga abin da yaron ya rasa. Ni linzamin ƙwaƙwalwa nake ce masa in ina yi wa iyayensa bayani, kuma igiya uku gare shi. Akwai kame kai, wato danne amsar da ta fara zuwa baki. Akwai riƙe abu a rai ana aiki da shi, kamar mai awo da ke lissafin canji yana zuba gero. Sai sauya akala in doka ta canza. Mafi yawan wannan aikin a sashen ƙwaƙwalwa na bayan goshi ake yin sa, kuma shi ne sashen da ke jinkirin nuna, sai mutum ya haura shekara ashirin.

Awo uku na tsara. Na farko, in ba shi takardar aiki daidai da ajinsa, in duba agogo, in ga minti nawa zai yi kafin ya tashi ko ya kama wani abu daban. Na biyu gwajin launi ne wanda John Ridley Stroop ya wallafa a 1935, na mayar da shi Hausa: kalmomi 40, ja, baƙi, kore, shuɗi, kowace an rubuta ta da alƙalamin wani launi daban, yaro ya faɗi launin tawada, ba kalmar ba. Ido yana riga baki karantawa, sai ka danne. Na shirya takardu biyar mabambanta don kada ya haddace. Na uku, in faɗi lambobi ya maimaita su daga ƙarshe zuwa farko.

Dare uku na auna, 15, 17 da 20 ga Janairu, na ɗauki matsakaici. Zama: minti 7. Launi: daƙiƙa 71, kuskure 11. Lambobi a juye: 3.

A daren ƙarshe ya ajiye takardar ya ce, "Kawu, ina sane da amsar. Bakina na ka riga ni."

Na'ura ta shigo gida: Fabrairun 2024

Wani abokina da ya rufe gidan gem ɗinsa yana da tsohuwar Xbox 360 da idonta da ake kira Kinect. Microsoft ta fitar da shi a Nuwambar 2010, ta daina ƙera shi a 2017. Ba a riƙe komai a hannu. Idon yana bin gaɓoɓin mutum, in ka yi tsalle ɗan mutumin cikin talabijin ya yi tsalle, in ka duƙa ya duƙa. Irin wannan wasa ba sabo ba ne a duniya, tun 1998 Konami ta fito da na taka rawa a Japan, Nintendo ta biyo da Wii a 2006. Mu nan dai na ƙwallo da ake bugawa a zaune muka sani.

Na kai musu ranar 3 ga Fabrairu da faifai biyu, Kinect Sports da Kinect Adventures. Na haɗa, na nuna masa, na tafi. Ban kafa doka ko ɗaya ba.

Makon farko gida ya cika da ihu, har maƙwabta na leƙowa. Mako na biyu ya gano wasan mirgina ƙwallo a ture kwalabe, wanda lilo da hannu ɗaya ya isa. Na ƙirga bugun jininsa a wuya: a zaune 84 a minti, yana wannan wasan 96. Mako na uku ya aro hannun gem da faifan ƙwallo wurin wani abokinsa, ya koma tabarma. Wuta kuma ba ta da lokaci, sau da yawa sai sha ɗaya na dare take zuwa, shi kuwa ya tashi ya kunna da murya ƙasa-ƙasa. An gudu ba a tsira ba.

Awon 2 ga Maris: zama minti 8, launi daƙiƙa 66 da kuskure 10, lambobi 3.

A lokacin ne na ci karo da binciken da Tom Baranowski da abokan aikinsa suka wallafa a 2012 a Amurka. Sun raba wa yara kusan 80 'yan shekara 9 zuwa 12 na'urar Wii, rabi da wasannin motsa jiki, rabi da na zaune, suka ɗaura musu abin auna motsi, aka bi su mako 13. Waɗanda aka ba na motsa jikin ba su fi sauran motsi ba. Abin da ya faru a ɗakin ƙanwata ke nan, ba ragi ba ƙari.

Azumi: 11 ga Maris zuwa 9 ga Afrilu

Na ɗauke na'urar. Ba a sa yaro mai azumi tsalle a zafin Gusau na bazara. Barcinsa ya ƙara rikicewa da sahur da tahajjud. Awon 13 ga Afrilu, kwana uku bayan Sallah: zama minti 6, launi daƙiƙa 68 da kuskure 12, lambobi 3.

Watan ya ba ni sararin karatu. Abu uku na tsinta. A 2009 Charles Hillman ya sa yara 'yan kimanin shekara 9 zuwa 10 tafiyar minti 20 a kan injin motsa jiki, ya tarar sun fi mai da hankali da fahimtar karatu jim kaɗan bayan haka. Wato amfanin yana da ɗumi, yana hucewa, don haka karatu ya kamata ya biyo bayan zufa kai tsaye. A 2019 kuma Valentin Benzing da Mirko Schmidt na Jami'ar Bern a Suwizalan sun gwada Kinect a kan yara 51 'yan shekara 8 zuwa 12 masu lalurar rashin natsuwa da likitoci ke kira ADHD, minti 30 sau uku a mako, har mako takwas. Yaran sun ƙara sauri wajen kame kai da sauya akala. Ba a ce ɗanmu yana da wannan lalurar ba, amma tsarin nasu na ara. Na uku, Amanda Staiano ta gwada gem ɗin motsa jiki a kan matasa 54 'yan shekara 15 zuwa 19 a 2012, waɗanda suka yi wasan a matsayin gasa suka fi waɗanda suka yi shi a matsayin haɗin gwiwa samun ci gaba a linzamin ƙwaƙwalwa.

Makonni takwas: 15 ga Afrilu zuwa 8 ga Yuni

Na zaunar da iyayen da yaron muka yi yarjejeniya, na rubuta ta a bangon littafin.

Kwana huɗu a mako, Litinin, Laraba, Alhamis da Asabar. Lokaci, ana idar da Magariba, domin yamma ta Islamiyya ce, kuma idon na'urar yana ruɗewa a hasken rana. Minti 25, ba ƙari ko da yana kan ci. Ya sha ruwa, ya huta minti biyar, ya zauna ga takarda har kiran Isha'i. Hannun gem ya koma ga mai shi. Waya kuwa ƙarfe tara tana hannun uwarsa, ta kulle a akwati. Ba mu jira wuta ba, muka koma ga ƙaramin janareta, ni na ɗauki nauyin mai, wanda tun da aka janye tallafi a ƙarshen Mayun 2023 lita ta haura naira 500 ba ta sake saukowa ba. Idon yana son mutum ya ja baya kamar taku uku, ɗaki ya yi kaɗan, sai muka riƙa fito da talabijin bakin ƙofa ana yi a tsakar gida.

Zaɓen wasa shi ya fi ɗaukar mini lokaci. Na ajiye duk wanda bai kai bugun jini 130 ba. Wanda ya fi kama shi wani ne a cikin Kinect Adventures, kana tsaye a kan wani dandamali mai gudu a kan layin dogo, shingaye na taho maka. Wani sai ka tsallake, wani ka duƙa, wani ka goce dama ko hagu, a tsakani kuma ka miƙa hannu ka kwashi maki. A nan bugun jininsa yakan kai 140 zuwa 148. Abin da ya ja hankalina shi ne irin faɗuwar da yake yi. Ba ƙarfi ya rasa ba. Tsalle yake yi da wuri. In shinge biyu na tsallakewa suka jeru, na uku ya zo na duƙawa, shi tsalle zai yi ya daki ƙarfe. Kuskuren takardar lissafi ne sak, ya fito a jiki, sai dai a nan ba mai yi masa tsawa, maki ne kawai ke zubewa, kuma nan take yake da damar sake gwadawa. Sau talatin ko arba'in a dare ɗaya ana ce masa dakata ka duba, ba tare da an buɗe baki ba.

Mako na biyu ya soma gundura. Sai na shigo da ɗana, wanda ya girme shi da wata takwas, kuma tsakaninsu akwai wasan taubasai da ba ya ƙarewa. Muka rubuta makin kowa da gawayi a jikin katanga. Daga ranar ban sake roƙonsa ya tashi ba. Duk mako biyu kuma ina canza wasa, dambe, tebur-tanis, tuƙa kwale-kwale, don da zarar yaro ya haddace hanya jikinsa ne kawai ke aiki, kansa ya tafi hutu.

Bari in ɗan ratse. Ƙanwarsa mai shekara tara ta fi kowa cin moriyar abin nan ta fuskar jiki. Shi aƙalla yana taka ƙafa zuwa masallaci sau biyar, ita daga makaranta sai gindin murhu. Tana jiran su gama ta shiga nata minti goma, uwar na dariya daga bakin madafa. Ban auna ta ba, kuma na yi da-na-sanin hakan.

Cikin zama 32 da muka tsara, 26 aka yi. Uku sun tafi a zazzaɓin cizon sauro, biyu ba mai, ɗaya kuma an ji harbi daga nesa kowa ya shige ɗaki aka kashe fitila.

Awon 11 ga Mayu: zama minti 14, launi daƙiƙa 60 da kuskure 7, lambobi 3. Awon 8 ga Yuni: zama minti 22, launi daƙiƙa 54 da kuskure 4, lambobi 3 sau biyu, 4 sau ɗaya. A ranakun da ba a yi wasa ba cikin makon ƙarshe, zaman yakan tsaya a minti 16 zuwa 17. Barci ya dawo tara da rabi zuwa biyar da rabi.

Malamin lissafinsa bai san abin da muke yi ba. Ya tare ni a bakin masallacin Juma'a ya ce, "Malam, me kuka ba yaron nan? Yanzu yana ɗaga hannu." Malamin Islamiyya kuwa ya ce ya daina tsokanar na kusa da shi, amma hadda tana nan inda take.

Na'ura ta mutu: Yuli zuwa Satumbar 2024

Mun ci gaba bayan Babbar Sallah ba tare da tsauri ba. Daren 6 ga Yuli aka yi ruwa da tsawa, wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona abin da ke ba na'urar wuta. Mai gyara ya ce sai an aiko daga Kano. Mako uku ba wasa. Dokar waya tana nan, lokacin barci yana nan, zaman karatu bayan Magariba yana nan, ni ma ina zuwa kamar kullum. Zufa kaɗai aka cire.

Awon 27 ga Yuli: zama minti 15, launi daƙiƙa 55 da kuskure 7, lambobi 3.

Sakamakon zango na uku ya fito a tsakanin: na 33 cikin 57, lissafi maki 41.

Kakarsu ce ta kawo mafita ba da niyya ba. Tana zaune ina yi wa yaron gwajin launi, ta saurara ta ce, "Wanga ai jini-jini na." Gaskiyarta. A wasan jini-jini mai bayarwa yana jero abubuwa da sauri, jinin akuya, yara su ce ja, jinin tunkiya, ja, jinin kaza, ja, kwatsam ya ce jinin dutse, duk wanda bakinsa ya kuɓuce ya ce ja ya sha duka. Gwajin kame kai ne da kakanninmu suka mayar wasan dandali.

Muka haɗa shi da tsallen igiya. Yara na tsalle, tsohuwa na bayarwa daga kan tabarmarta, wanda ya yi kuskure a rage masa maki a katanga maimakon duka. Wani dare in juya doka, a ce ja ga marar jini a yi shiru ga mai jini. Bugun jini 135 zuwa 150. Yaran maƙwabta uku suka shigo, tsakar gida ta kasa ɗauka, sai a karon farko cikin shekara uku ƙanwata ta yarda a yi langa a lungu, ƙofar gida a buɗe, ita tana zaune a zaure.

Mako shida aka yi a haka, 29 ga Yuli zuwa 7 ga Satumba, zama 19 cikin 24, ruwan sama ya ci sauran. Awon 7 ga Satumba: zama minti 20, launi daƙiƙa 53 da kuskure 5, lambobi 3 sau biyu, 4 sau ɗaya.

Abin da alƙaluman suka nuna mini

Yaro ɗaya ba ya zama hujja a kan yara dubu, kuma mai awon kawunsa ne da ke son ya ga ci gaba. Saurin gwajin launi ban ba shi nauyi sosai ba, tun a Fabrairu daƙiƙun suka soma raguwa saboda sabo da gwajin. Kuskure da mintunan zama su na fi yarda da su, domin sun hau, sun sauka, sun sake hawa daidai da abin da muka sa ko muka cire.

Ajiye na'ura a gida bai yi komai ba, har ya ƙara cin barci. Wannan shi ne Fabrairu, kuma laifin nawa ne da na ɗauka kayan aiki zai yi aikin da kansa.

Daga minti 6 zuwa 22 akwai tazarar minti 16. Da aka cire wasa aka bar sauran, ya tsaya a 15. Ke nan fiye da rabin ribar daga barci ta zo, da kulle waya, da samun babba da ke zama kusa da shi a lokaci guda kowane dare. Likitar nan ta faɗa mana tun Nuwamba, muka yi wata biyar muna kewaye. Sauran minti bakwai ɗin na zufa ne, kuma ba ƙaramin abu ba ne ga yaron da ake ba darasi na minti arba'in. Sai dai ba ya ajiyuwa. Mako uku ya isa ya soma zubewa, har a cikin mako ɗaya ma daren wasa ya fi daren hutu.

Igiya biyu ne suka yi ƙarfi, kame kai da sauya akala. Ta uku, riƙe abu a rai, da ƙyar ta motsa, hadda ma haka. A binciken Bern ma a waɗancan biyun aka ga ci gaban. Duk wanda ya ce wa iyaye gem ɗin tsalle zai sa ɗansu ya haddace izu ko ya zo na ɗaya yana sayar musu da abin da ba shi da shi. Maki bakwai ya ƙaru a lissafi, kuma da na duba takardarsa, daga tambayoyin da a da yake faɗuwa don gaggawa suka fito. Inda bai iya ba, kamar raba lamba mai tsawo, har yanzu bai iya ba, wannan sai koyarwa.

Ko sai wasan ya haɗa da tunani, ko zufar kaɗai ta wadatar? Masu bincike ba su haɗu a kai ba. John Best a 2012, da yara 33 'yan shekara 6 zuwa 10, ya tarar motsin ne ya yi aikin. Benzing a 2016, da samari 65 'yan shekara 13 zuwa 16, ya tarar wasan da ke sa tunani ya fi taimaka wa sauya akala. A wurin ɗanmu na karkata ga na biyun, saboda na ga da idona yadda ya koyi jinkirta tsalle kafin ya koyi jinkirta amsa.

Igiyar naira ɗari biyar da muryar tsohuwa sun kawo kusan abin da na'ura da janareta suka kawo, minti 20 a kan 22. Duk da haka ba zan ce kuɗin mai ya tafi a banza ba. A watan Afrilu da na miƙa wa yaron nan igiya, jefar da ita zai yi. Shekara biyu da rabi idonsa ya saba da allo, ta allon aka samu aka tayar da shi tsaye. Kuma shi ne kaɗai wasan gudu da tsalle da uwa mai tsoro za ta yarda da shi, tunda a gabanta ake yi, cikin taku shida da biyar. Hukumar Lafiya ta Duniya tana son ɗan shekara 5 zuwa 17 ya samu aƙalla minti 60 na motsi mai sa haki a kullum. Mu minti 25 muka iya, kwana huɗu a mako. A unguwannin gefen Gusau akwai yara da yawa da aka kwaso daga Maradun da Tsafe da Zurmi waɗanda ko wannan ba su samu, ana kuma kai su gaban malamai da sunan daƙiƙai.

Abin wutar ya iso daga Kano a tsakiyar Satumba. Yanzu ranar Alhamis kaɗai ake kunna na'urar, sauran darare uku na igiya ne da langa. Waya tana kwana a akwati. Ya shiga aji biyu, kuma na nema masa wanda zai zauna da shi a kan raba lamba sau biyu a mako, bayan wasa, kafin Isha'i.